Judo: Asiri Ne, Ko Yau Da Gobe?

Akwai wani hoton majigi da aka ɗauka a ƙasar Jafan, wanda ya ke nuna wani tsoho mai suna Mifune, ɗan firit da shi, furfura ta game masa kai. Samari majiya ƙarfi suna ta zuwa ɗai ɗai suna kama shi da kokawa, shi kuwa yana ta zub da su kamar dammunan dawa. Wani ma ko ƙafa bai sa masa ba, ya dai juya hannu kaɗan, sai ga ƙato a ƙasa. Galibin wanda ya ga wannan abu, maganar da ta kan fara fita daga bakinsa ita ce, "Kai, wannan tsoho bai bar kansa haka ba!" Watau nufinsa akwai asiri. Waɗansu kuma da su ke ganin sun waye, su kan ce ba asiri ba ne, wata dabara ce ɓoyayyiya, wadda in an raɗa wa mutum ita a kunne yau, gobe ya kā da kowa. Maganganun nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma ƙarya ce duka. Ƙarya ce mai daɗin ji, domin tana sa raggo ya kwanta da murna, yana cewa ai da ya sami abin da tsohon nan ya samu, da shi ma ya yi.

To, abin da tsohon ya samu ga shi. An haifi Mifune Kyuzo a 1883, ya shiga makarantar judo ta Kodokan a birnin Tokyo a 1903, bai kuwa rabu da tabarmar kokawa ba sai da ajali ya zo masa a 1965. Shekara 62 ke nan. Wanda ya ke son layar Mifune, ita ke nan, sai ya miƙo hannu ya karɓa.

Judo wata irin kokawa ce ta mutanen Jafan, wadda a ke yi da riga mai kauri da ɗamara, a bisa tabarmi masu taushi. A kan ci nasara da kaye, ko da danne abokin karawa, ko shaƙe shi, ko murɗe masa gwiwar hannu har ya ce ya bi. Wanda ya kafa ta sunansa Kano Jigoro. Kada mai karatu ya ruɗe, sunan nan ba shi da wata dangantaka da Kano ta Dabo, gamon katar ne kurum. An haife shi a 1860. Yana yaro ba shi da jiki, nauyinsa wajen kilo 41 ne, don haka manyan yara su ka mai da shi abin cin zali a makaranta. Ya ƙudura a ransa sai ya koyi jujutsu, watau tsohuwar dabarar faɗa ta jarumawan ƙasar. Amma a zamanin nan Jafan ta juya ga ilmin Turawa, har a 1876 aka hana jarumawan yawo da takobi, kasuwar malaman jujutsu ta mutu, da yawansu su ka koma sana'ar ɗorin karaya. Cikin maɗora ɗin nan Kano ya yi ta cigiya, har a 1877 ya dace da wani malami, Fukuda Hachinosuke.

Shin malam Fukuda ya kira shi ɗaka ya raɗa masa asiri? Ko kusa. Hanyar koyarwarsa ita ce ya nuna abu kaɗan, sa'an nan ya yi ta maka almajiri da ƙasa har jikinsa ya gane da kansa. A makarantar akwai wani babban almajiri, Fukushima, wanda ya fi Kano jiki nesa ba kusa ba. Kano ya yi ta gwada shi yana shan kaye, ya koma ya yi nazari, ya dawo ya sake sha, har daga bisani ya gano wani kamu na saɓa mutum a kafaɗa, ya kā da shi. Da Fukuda ya rasu a 1879, sai ya koma wurin wani malami, da wannan ya rasu ya koma wurin na uku. A 1882, bai cika shekara 22 ba, ya buɗe tasa makaranta a wani ɗaki na gidan ibada da a ke kira Eishoji. Tabarmi 12 ne faɗin wurin, almajirai tara. Ita ce Kodokan.

Tsofaffin makarantun jujutsu lalle suna da abin da su ke ɓoyewa, ba su ba da shi sai ga almajirin da ya daɗe, a rubuce cikin takarda naɗaɗɗiya. Kano kuwa malamin makaranta ne, har ya yi sama da shekara 20 yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo. Ya tsara kaye-kayen judo aji aji, a 1920 aka daidaita su guda 40, aka buga su cikin littattafai da hotuna, kowa ya saya. Nan ne masu cewa dabara ce ɓoyayyiya su ke faɗuwa warwas. Ga littafin nan a kasuwa. Me ya hana duk wanda ya karanta shi ya zama Mifune?

Abin da ya hana shi ne, judo ba ta zama a ka, a jiki ta ke zama, jiki kuwa ba ya jin karatu sai da maimaici. A dubi yadda sabon almajiri ya ke farawa. Ya zo da zumuɗin ya kā da mutane, sai a ce masa ya fara koyon faɗuwa tukuna. Ya faɗi ta baya, ya faɗi ta gefe, ya mirgina ta gaba, ya sunkuyar da haɓa don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya doki tabarma da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse. Makonni yana wannan. A nan da yawa su kan gudu, su ce ba su zo a mai da su tuwon ƙasa ba. Amma wanda bai iya faɗuwa ba tsoro ba ya barinsa, mai tsoro kuwa jikinsa ya kan sandare, wanda ya sandare ba ya kā da kowa.

Bayan wannan sai abin da su ke kira uchikomi. Mutum biyu su riƙe juna, ɗaya ya shiga kamar zai yi kaye, ya juya ƙugu, ya ɗaga, sa'an nan ya fasa, ya koma, ya sake shiga. Sau goma, sau ɗari, gobe ma haka, baɗi ma haka. Mai kallo sai ya ce wautar banza ce. Dalilinta kuwa a fili ya ke. Gindin judo duka shi ne a raba mutum da daidaiton tsayuwarsa kafin a kā da shi. Mutumin da ya kafa ƙafafunsa biyu ya tsaya, ɗaga shi sai an fi shi ƙarfi. Amma duk mai tafiya, a kowane taku akwai lokacin da nauyinsa ya bar ƙafa ɗaya bai gama sauka a ɗayar ba. A wannan lokaci ko yaro ya taɗiye shi sai ya faɗi. In ya turo, a janye a bar shi ya bi ƙarfinsa. In ya ja, a bi shi a ƙara masa. Faɗarsa da baki ba wuya, ga shi an faɗa cikin layi uku. Wuyar ita ce lokacin nan bai kai ƙiftawar ido ba. Kafin ido ya gani, ya kai wa zuciya labari, zuciya ta yi shawara, ta aiki ƙafa, dama ta wuce tuni. Sai fa ƙafar da ta yi abin sau dubbai, wadda ba ta jiran a aike ta. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ita ta sa allura ginin rijiya.

Har wa yau akwai randori, watau kokawar gwaji, inda kowa ya ke neman kā da ɗan'uwansa da gaske amma ba da mugunta ba. Akwai kuma horon tsakiyar hunturu, wanda a ke fitowa tun da asuba cikin sanyin Janairu. A da kwana 30 a ke yi a jere a Kodokan, daga baya aka rage. Abin lura a nan, takardar shaidar da a ke bayarwa a ƙarshensa ba ta wanda ya fi kaye ba ce, ta wanda bai yi fashi ko kwana ɗaya ba ce.

Kimura Masahiko, wanda aka haifa a 1917, ya sha kaye huɗu a 1935. Maimakon ya tafi neman sa'a, sai ya ninka aikinsa, har ya kan yi wajen awa tara a yini yana horo, ya kan kuma je ya yi ta gwada taɗiyarsa a jikin itace. Ya ci gasar Jafan duka shekara uku a jere, daga 1937 zuwa 1939. A 1951 ya tafi Birazil ya karya hannun Helio Gracie a gaban dubban mutane, har yau a waɗansu wurare da sunansa a ke kiran murɗiyar da ya yi masa.

In masu gardama sun rasa ta cewa, su kan koma su ce to, abin a jinin mutanen Jafan ya ke. Amsar wannan ta zo a 1964, a cikin Tokyo kanta, shekarar da aka fara sa judo cikin wasannin Olimfik. Aji huɗu aka yi, Jafan ta ci uku. Na huɗun shi ne wanda ba a duba nauyi, shi ne kuwa su ka fi ƙwallafa rai a kai. Wani mutumin Holan, Anton Geesink, ya danne gwaninsu Kaminaga, ya riƙe shi daƙiƙa 30, ya ɗauke lambar zinariya. Geesink ya fara judo yana da shekara 14, a ran nan kuwa yana da 30, ya kuma sha zuwa Jafan yana horo tare da su. Bai gaji kome ba. Da wani mutumin ƙasarsu ya taso da gudu zai hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya tsai da shi, domin ladabin wurin ma ya koya.

Gaskiya ɗaya ce a nan da ba ta yi wa masu tallan judo daɗi. Geesink tsawonsa ƙafa 6 da inci 6 ne, ya kuma fi Kaminaga nauyi sosai. Maganar da a ke yi cewa mai judo ba ruwansa da girman abokin karawa, gishiri ne aka zuba. Ƙaramin da ya horu ya kan kā da babban da bai horu ba. In duka biyun sun horu, girma ya kan yi aikinsa, shi ya sa a ke raba 'yan gasa bisa ga nauyi. Duk malamin da ya ce zai koya wa mutum kā da ƙato cikin wata guda, kuɗinsa ya ke so.

Amma kada wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita sandar dukan yara. Naci daban, azaba daban, kuma a Jafan ɗin ma an sami waɗanda su ka kasa rarrabewa. Binciken wani malamin jami'a, Uchida Ryo, ya nuna yara 'yan makaranta sama da 100 sun mutu a wurin judo tsakanin 1983 da 2011, galibi saboda buguwar kai, da yawansu kuwa sababbin shiga ne. Watau an jefa su cikin kaye tun ba su gama koyon faɗuwa ba. A 2013 kuma labari ya fito fili cewa mata 15 daga cikin gwanayen ƙasar sun kai ƙarar babban mai horar da su saboda mari da zagi, har ya sauka daga aikin. Malamin da ya ke yin haka, ɗan'uwan mai neman asiri ne, gama shi ma gaggawa ce ta ke cinsa, yana son ya matse aikin shekara uku cikin wata uku. Horon da ya kwantar da yaro ya kasa dawowa gobe, ya ɓata abin da aka zo nema tun daga tushe.

Saura maganar baƙar ɗamara, wadda samari su ke mafarki da ita kamar rawanin sarauta. Da yawa sun ɗauka in an ɗaura ta an sauke karatu, sai zama a gefe ana ba da labari. Sunan matsayin nan da harshen Jafan shodan, ma'anarsa matakin farko. Matakan kuwa 10 ne. Kano ya fara ba da shi a 1883 ga almajiransa biyu, Tomita da Saigo, ba kuwa sallamarsu ya yi ba.

Wanda ya ke yi don ɗamara, ran da aka hana shi ita sai ya bari. Malam Fukuda, wanda ya fara koya wa Kano, yana da jika mace, Fukuda Keiko, wadda aka haifa a 1913. Kano da kansa ya kira ta, ta shiga Kodokan a 1935. Ta kai mataki na biyar a 1953, sai aka tsai da ita nan, ba don kasawa ba, sai don a lokacin ba a ɗaga mace sama da haka. Maza waɗanda ta riga shiga su ka yi ta wuce ta, shekara 19 tana wuri ɗaya, ba ta daina zuwa ba. Sai a 1972 aka ba ta na shida, a 2006 aka ba ta na tara. Ta koma birnin San Faransisko na Amurka ta buɗe makaranta, har da ƙafa ta gaza aka riƙa turo ta a keke zuwa bakin tabarma, sau uku a mako, tana gyara wa almajirai riƙo da taku. Ta rasu a watan Fabrairu na 2013, tana da shekara 99.