Kewar Rafin Gida

Masuncin Ingila da ya saba da rafi mai sanyi, yana jefa ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, in ya zo Kogin Faro a Kamaru sai ya koma ɗalibi. Nan tsage ne, haƙoransa na datse zare, dole a sa waya. Giwan ruwa kuwa sai da dare.

A ganinmu ba laifi in ya yi kewar rafin gida, ɗalibanmu ma suna yi kowane zango. Amma shi rafinsa yana nan yana jiransa. Namu fa, inda aka zuba Gamalin domin kamun rana ɗaya, ko 'yar karfasa ba ta saura ba.