Sujada Biyu a Ɗaki Ɗaya: Dattawa da Matasa a Ikkilisiyoyin Bishara na Arewa

Duk wanda ya saba zuwa majami'a ran Lahadi a birane irin su Jos da Kaduna da Zariya ya san cewa a manyan majami'u da yawa sujada biyu ake yi, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa. Wannan tsari a kan kansa ba laifi ba ne, domin ɗaki ba ya ɗaukar jama'a duka a lokaci guda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin fuskokin da ake gani a kowace. In ka leƙa ta Turanci za ka tarar da samari da 'yan mata da ma'aikata, ga jita da gangunan Turawa suna tashi. In ka dawo ta Hausa kuwa, sai ka ga furfura da mutanen ƙauye da suka shigo birni neman abinci. Iyali su fito daga gida ɗaya, kaka ta shiga wannan, jika ya shiga waccan.

Ni kaina a irin wannan gida na tashi. Ran da muka binne kakata, dattawa suka ɗauko waƙar da ta fi so a cikin Littafin Waƙoƙi, mu jikokinta muna tsaye a bakin kabari, ba ɗayanmu da ya iya kai baiti na biyu. Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin saɓanin da ke tsakaninmu da iyayenmu na bangaskiya ne, ko kuwa na harshe da al'ada? A ganina mafi yawansa na harshe ne da al'ada, amma kowane ɓangare ya sa masa rigar addini don ya ci gardama.

Yadda Hausa ta Zama Harshen Ikkilisiya

Kafin a yanke hukunci ya kamata a waiwayi baya. A 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas, su ne tushen mishan ɗin SIM. Biyun farko sun rasu cikin shekara guda, sai a 1902 aka samu kafa tasha a Pategi. Karl Kumm da abokan aikinsa na SUM suka isa Wase a 1904, mishan ɗin 'Yan'uwa kuma ya fara aiki a Garkida a 1923. Daga waɗannan ne aka sami ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954, da COCIN da EYN da sauran 'yan'uwansu.

Masu mishan sun tarar da harsuna masu ɗimbin yawa a Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, ba su da halin fassara Littafi Mai Tsarki cikin kowanne. Saboda haka suka riƙi Hausa, musamman bayan da cikakkiyar fassara ta fito a 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya yake cikin waɗanda suka yi mata aiki. Da Hausa aka horar da masu bishara, da ita aka koya wa manya karatu. Ta haka ne Birom da Angas da Tangale da Bura suka sami damar durƙusawa wuri ɗaya su yi addu'a.

Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu lura da abin da wannan aiki ya haifar. An sami kalmomi da suka ɗauki sabuwar ma'ana, kamar su bishara da ceto da baiko da Jibin Ubangiji, aka kuma zaɓi bangaskiya a inda Musulmi ya fi cewa imani. Wannan wani reshe ne na Hausa mai zaman kansa, ya kai kusan shekaru ɗari, kuma shi ne yau yake neman rasa masu gado.

Inda Dattawa Suka Kuskure

Dattawa sukan ce matasa sun shigo da duniya cikin ɗakin Allah, watau kiɗa mai ƙarfi da rawa da sutura. To, amma abin da suke kira gadon iyaye shi ma baƙo ne a jiya. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce da aka ɗora a kan muryoyin Ingila da Amurka. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa sau da yawa za ka ji muryar waƙa ta hau a inda kalma take sauka, har sai mai sauraro ya yi ta lalube kafin ya gane abin da ake faɗi. Haka kuma da yawa daga cikin masu mishan na farko sun hana ganga a majami'a, suna ganin kayan tsafi ce. Matan Zumunta da mawaƙan Sabon Rai ne suka yi ƙoƙarin maido da tulu da ganga da caki, suka tsara waƙoƙi na amshi irin na dandali. Abin da aka yi wa kallon bidi'a jiya, yau shi ake kira al'ada.

Akwai kuma maganar shugabanci. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda dattawan ECWA suke alfahari da shi, yana da kimanin shekaru 31 ya zama babban sakataren ikkilisiyar a 1967, ya kuma rasu a 1975 bai cika arba'in ba. Shi ne ya yi kashedi a kan garwaya bishara da addinin gargajiya, amma kuma a taron Lozan na 1974 ya goyi bayan a yi sujada da harshe da kiɗa da sutura irin na mutanen ƙasa. Yau majami'u nawa ne za su yarda ɗan shekara 31 ya zauna a majalisar dattawa, balle ya shugabance ta? Saurayin da aka hana shi magana a gidan ubansa, in ya ji ana kiransa a maƙwabta zai tafi. Tun daga shekarun 1980 da majami'un Fentikos suka yawaita a biranen Arewa, can ne da yawa suka nufa.

Inda Matasa Suka Kuskure

Mu ma ba mu fita ba. Da yawanmu mun ɗauka Turanci shi ne ci gaba, sujadar Hausa kuwa ta waɗanda ba su je makaranta ba ce. Muna kwaikwayon wa'azi da waƙoƙin da muke gani a waya daga Legas da Amurka, har da yadda ake ɗaga hannu, muna kiran wannan farkawa ta ruhaniya. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kuma ba kiɗa kaɗai muka aro ba. Iyayenmu an koya musu haƙuri da wahala da ƙanƙan da kai, mu kuwa kunnuwanmu sun fi karkata ga wa'azin arziki da buɗi. A nan kam dattawa suna da gaskiya in sun ce maganar ta wuce al'ada ta taɓa koyarwa.

Wani zai ce, ai Hausa ma ba harshen uwa ba ce ga yawancin waɗannan Kirista, ita ce ma ta danne harsunansu. Wani kuma zai ƙara da cewa bayan rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Katab na 1992 da na Jos na 2001, ba abin mamaki ba ne in saurayi ya ji ba ya sha'awar harshen da yake dangantawa da waɗanda yake ganin abokan gaba. Ban raina wannan magana ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Amma sai a duba, wanda ya bar Hausa ba ya komawa Biromanci ko Tangalanci, Turanci yake tafiya, ya yi asarar biyu ke nan. Sa'an nan Hausa ba ta addini ɗaya ba ce. Akwai Hausawa Kirista a Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina, da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda ba su da wani harshe sai ita. Bugu da ƙari, ita ce harshen da Kirista da Musulmi suke ciniki da gaisuwa da ta'aziyya da shi. Ranar da muka daina jin maganar juna, zaman lafiya zai ƙara wuya.

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shawarata ga dattawa ita ce su ba matasa kujera a majalisa da dama a kan bagade, su kuma bambanta abin da yake koyarwa da abin da yake sabo ne kawai. Majami'u su riƙa haɗa sujada ɗaya ko da sau ɗaya a wata, a karanta nassi da harsunan biyu, kaka da jika su zauna a benci guda. Matasa masu baiwar waƙa su tsara sababbi da Hausa mai kyau wadda ta bi karin sauti, da jitarsu da komai. Mawaƙa irin su Solomon Lange sun nuna cewa samari suna sauraron waƙar bishara ta Hausa in an iya ta.

Mu kuma a wannan sashe muna da namu aikin. Mun yi nazari mai yawa a kan waƙoƙin fada da na noma da na siyasa, amma waƙoƙin Matan Zumunta, waɗanda yawancinsu a ka suke, sun cancanci fiye da kulawar da suke samu. Ina roƙon malamanmu su ƙarfafa wa masu rubuta kundin digiri gwiwa su shiga majami'u da na'urar ɗaukar magana tun masu waƙoƙin suna da rai. Kakata ta tafi da nata, ban rubuta ko ɗaya ba. Allah ya sa kada wani ya maimaita kuskurena.