Wasan damana, sana'ar gobe

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Lokacin da kake yaro, in damana ta sauka, kun taso daga gona, mi kake yi har magariba? Ina nufin abin da kake yi don son ranka, babu wanda ya aike ka, babu wanda zai biya ka.

Mu da muka tashi a Madarumfa mun san amsa. Shamuwa ta zo, an yi shuka. An rufe lakwal, yara sun samu babban hutu daga watan Yuli har ƙarshen Satumba. Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, tabki ya cika. Da safe noma, da marece wasa. Wani yaro yana bakin tabki, yana gina shanu da raƙuma na laka. Wani ya zaro tsohon kara daga darni, ya haɗa mota har da ƙafafunta. Wani ya ɗaure fata bisa gwangwani, ya yi ganga. Ƴan mata suna dandali suna gaɗa, kuma kullum akwai guda wadda ita ke ƙago sabuwar waƙa, sauran su amsa. Akwai mai ɗinka wa ƴar tsana riga da ƙyallen da tela ya zubar. Akwai mai kwaikwayon tafiyar tsofaffin gari, har manya su kau da kai suna dariya.

Ra'ayina shi ne, a cikin wasan nan baiwar yaro ke fara nuna kanta. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Don haka saurayi ko budurwa da ke neman sana'ar da za su riƙe, su waiwaya baya, su tuna damanar ƙuruciyarsu.

Labarin wani saurayi

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani saurayi ɗan shekara 22. Ya yi kabu-kabu a Maraɗi, ya yi dako a Ɗan Isa. Wata rana bayan an tashi, ya tsaya ya ce mini: "Malam, kaina ya ɗaure. Abokaina sun ce in bi su bida Libiya. Baba ya ce in zauna gona. Ni kuwa ban san abin da nake so ba."

Na ce masa: "To, mi ka fi tunawa cikin hutun damana, sanda kake ƙarami?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "Zane. Gawayi nake samu, in je bayan rumbu in zana jirgin masunta da belbela bisa bayan sa. In na fara, ko yunwa ba ni ji. Akwai ranar da na sa tumu a wuta, na manta da shi har ya ƙone. Baba ya sha dukana, wai ina ɓata bango."

Na ce masa: "Ashe ka san abin da kake so."

Yau yana wurin wani mai rubuta allunan shaguna a Maraɗi, yana koyo. Baƙaƙen da ya koya a aji, su yake zanawa da fenti a ƙofar tela da mai aski da mai gyaran salula. Bai yi arziki ba tukuna. Amma yana samun na sabulu da na cefane, kuma da damana yana dawowa ya yi noma tare da mahaifinsa.

"Ba gadonmu ba ne"

Na san abin da wasu iyaye za su ce. Za su ce: "Malam, kiɗa da waƙa roƙo ne. Ƙira ta maƙera ce, dukanci na dukawa ne. Mu ba gadonmu ba ne."

Gado abu ne mai daraja. Amma Allah ba ya duba gidan da zai ajiye baiwa. Ku dubi Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina. Bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, don yana ganin abin roƙo ne. Shata ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, amma waƙa ba ta bar shi ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1999, kuma har yau muryarsa tana tashi a rediyo da cikin motocin haya.

Ku dubi Fati Nijar. A Maraɗi aka haife ta, nan kusa da mu. Ta tafi Kano, ta yi suna da waƙoƙin finafinan Hausa. Ku dubi Alfadi, ɗan Nijar mai tsara tufafi. A 1998 ya kira masu ɗinki daga ƙasashe da dama, suka yi bikin nuna tufafi da ake kira FIMA a cikin hamada, kusa da Agadas. Zare da allura suka kai sunan ƙasarmu nesa.

"Ba ta ciyar da gida"

Ga magana ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Uba zai ce: "Zane ba ya cika rumbu. Waƙa ba ta biyan sadaki."

Akwai gaskiya a ciki. Ba kowa ke zama Shata ba. Samari da yawa sun sayar da akuya, sun hau mota zuwa Kano don su shiga fim, sun dawo hannu rabbana. Saboda haka, kai saurayi, ke budurwa, in kun zaɓi hanyar nan, ku riƙe abu uku.

Na farko, ku nemi ubangida ko uwarɗaki. Baiwa kamar iri take. Iri mai kyau ma sai an noma shi, an yi masa maimai. Mai son ɗinki ya zauna gaban tela, ya fara da sa maɓalli da guga. Mai son ƙunshi da kitso ta bi wadda ta iya zuwa gidan biki, ta riƙe mata kwano. Kada ku ji kunyar zama yaron wani shekara biyu ko uku. Kuma kada ku ce sai kun samu kaya masu tsada. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan ƙaramin kuntigi mai tsirkiya guda ya yi sunansa.

Na biyu, ku riƙe karatun nan da kuka fara. Tela da ya iya rubutu yana ajiye awon kowa cikin littafi, ba ya haɗa rigar wani da ta wani. Mawaƙin da ya iya rubutu yana rubuta baitinsa kafin ya manta. Mai ɗaukar hoton biki yana rubuta wa ya ba da jika biyu, wa ya rage saura. In an miƙo maka takarda ka sa hannu, kai za ka karanta da kanka. Mai fasaha da yawa ya yi aiki, wani ya ci kuɗin, don kawai bai iya karatu da lissafi ba.

Na uku, kada ku saki reshe ku kama ganye. Mai gona ya riƙe gonarsa, mai gamana ya riƙe gamanarsa. Damana wata uku ce zuwa huɗu. Rani kuwa dogo ne. Ku yi noma da damana, ku yi sana'a da rani. Hatsin da ke cikin rumbu shi zai ba ku ƙarfin ƙin aikin wulaƙanci.

Aiki yana nan gida

Wasu na ganin sai an tafi nesa ake cin abinci da fasaha. Ku duba kusa. Kowane shago yana son allo. Kowace amarya tana son ƙunshi da ɗinki da hoto. Kowace salla ana neman mai aikin riga da hula. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje, tana jiran mai hannun da zai mai da ita jaka da takalmi.

Tabkinmu ma dukiya ce. A 2006 Nijar ta sa tabkin Madarumfa da dajinsa da kushewun waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Baƙi na zuwa ziyara. Wa zai zana musu tabkin? Wa zai ɗauki hotonsa? Wa zai rubuta labarinsa da Hausa? In ɗiyanmu ba su yi ba, wasu za su zo su yi.

Ku tuna kuma da watan Agusta na 2019, sanda Nijeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamba na 2020. Samarin da ke ci da hanyar Jibiya sun sha wuya. Amma keken tela bai tsaya ba, maƙera ba ta mutu ba. Abin da ke cikin hannun mutum, ba a rufe masa iyaka.

Gare ku iyaye

Damana na tafe. In ka ga ɗanka yana zane a bango, kada ka fara da bulala. Ba shi takarda da fensir na dala ashirin, ka nuna masa inda zai yi. In kin ji ɗiyarki tana ƙago waƙa, ki saurara, ki gyara mata inda kalma ba ta dace ba. Ku sa su aikin gona, ku tura su makaranta da lakwal, amma ku bar musu marece. In sun girma, ku kama hannunsu da kanku ku kai su wurin mai sana'a na kirki. Yaron da uba ya kai da rana ya fi wanda ya gudu da dare.

Mu tattauna a aji

1. Wane wasa ka fi so da damana sanda kake yaro? Rubuta shi cikin layi biyu.
2. Waɗanne masu sana'ar hannu ke garinku? Wa ya koya musu?
3. In ɗanka ko ɗiyarka suka zaɓi sana'ar da ba ku gada ba, mi za ka ce musu?