A Rubuta Sunan Yaro da Shekarunsa Kafin a Ba Shi Riga

Duk wanda ya zaga garin Azare da la'asar sakaliya zai ga abin da nake so in yi magana a kansa yau. Ba filin makarantar firamare, ba kangon fili, ba lungu mai ɗan faɗi, da ba za ka tarar da yara suna buga tamaula ba, wasu da takalman roba, wasu ƙafa a ƙasa, duwatsu biyu su ne raga. Haka abin yake a Chinade da Madara, haka yake in ka nausa Gamawa ko Yana, har can tsohon garin Katagum. Yaran nan suna da sha'awa, suna da ƙarfi, amma ba wanda ya san yawansu, ba wanda ya san shekarunsu, ba kuma babban da ya ɗauki nauyinsu. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da ƙasar Katagum za ta kafa kakar wasa ta yara mai tsari, wadda uba zai kai ɗansa da kansa a rubuta sunansa da shekarunsa na gaskiya kafin a ba shi riga.

Bari in ba ku labarin yadda wasu ke yi, domin a ɗauki abin ɗauka. A ƙasar Amurka akwai wani wasa da suke kira besbol. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani ya maka mata kulki, sa'an nan ya ruga ya zaga tasha huɗu kafin abokan hamayya su dawo da ita. A shekarar 1939 wani mutum mai suna Carl Stotz, a garin Williamsport na Jihar Pennsylvania, ya tara yaran unguwa ya raba su ƙungiya uku, ya nemo 'yan kasuwa suka saya musu riguna. Daga nan aka sami ƙungiyar nan ta Little League, wadda yanzu ta yaɗu a ƙasashe da yawa, kuma tun 1947 take yin gasarta ta shekara shekara a wannan gari. Tun sanyi bai wuce ba ake buɗe rajista. Uba ko uwa su zo da takardar haihuwar yaro da shaidar unguwar da suke zaune ko makarantar da yake, a sa hannu, a raba yara gwargwadon shekarunsu. Masu koyarwa da alƙalan wasa galibi iyaye ne da 'yan sa kai. Suna kuma da doka cewa duk yaron da ya zo wasa sai an sa shi ya taɓa, komai rashin iyawarsa, ba a barinsa ya wuni a kan benci.

To, ni ban ce a kawo besbol Azare ba. Kayansa da tsada, kuma yaranmu ƙwallon ƙafa suka sani, ga langa da kokawa da muka gada. Tsarin nasu shi ne abin kwaikwayo, musamman wannan takarda ta haihuwa, domin kuwa a nan ne muke da rauni.

Kwanakin baya na tsaya kallon wata gasa da aka ce ta yara ce 'yan ƙasa da shekara 13. Wallahi na ga wani mai tsaron baya da gashin baki ya fara tsiro masa, muryarsa kamar ta uban gida. Ya yi karo da wani ɗan ƙaramin yaro, aka ɗauke yaron ranga-ranga. Da aka yi ƙorafi sai mai ƙungiyar ya rantse cewa girman jiki ne kawai, ba kuwa mai takardar da zai ƙaryata shi. Aka ba su kofi, aka yi ta kiɗa. Yaron da aka ji wa ciwo kuwa ubansa ya yi rantsuwa ba zai sake zuwa fili ba. Yanzu don Allah me muka koya wa yaran da ke wurin? Mun koya musu cewa ƙarya tana cin kofi, kuma manya ne ke shirya ta.

Wannan cuta ta daɗe tana cin ƙasar nan. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa a ƙasar Sin a 1985, ta sake ɗauka a 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin da ba wata ƙasa da ta yi. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara 2 daga wasannin matasa saboda an sami saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu, aka kuma ƙwace gasar 1991 da aka shirya yi a nan aka kai Fotugal. Sai a 1999 muka samu muka karɓi baƙuncinta, har aka buga wasu wasannin a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Daga 2009 aka shiga auna ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'ura don a gane mai ƙaryar shekaru, kuma a 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar matasanmu suka faɗi wannan awo ana gab da karawa da Nijar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙaryar da ake kamawa a Abuja, a filin unguwa aka fara ta.

Ba ma sai da niyyar cuta ba, rashin takarda kaɗai ya isa ya kashe wa yaro gaba. A 2011 wasu yara daga Kampala ta ƙasar Yuganda suka ci gasar yankinsu ta besbol, suka sami damar zuwa Williamsport, amma aka hana su bizar shiga Amurka saboda takardunsu na haihuwa ba su dace da juna ba. Yaran sun yi iyakar ƙoƙarinsu a fili, manya ne suka gaza a ofis. Da aka gyara, a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta je, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga wannan gasa.

A nan gida dokar da ta wajabta rajistar haihuwa tana nan tun 1992, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Mu a ƙauyukanmu har gobe ana cewa an haifi wane shekarar ambaliya, ko damina biyu bayan rasuwar dagaci. In aka ce ba yaron da zai shiga gasa sai da wannan takarda, ku tsaya ku ga yadda yaran da kansu za su addabi iyayensu har a je a karɓo. Takardar da aka karɓo don ƙwallo ita ce za ta yi amfani ranar shiga sakandare da ranar neman fasfo.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da hujja. Za su ce ƙwallo na hana karatu, tana hana zuwa Islamiyya, tana sa yaro ya bar sallar Magariba, tana haɗa shi da abokan banza masu shaye-shaye. Gaskiya ne ana ganin haka. Amma Malam, a ina ake ganinsa? A filin da ba babba, inda yaro ɗan shekara 10 ke cuɗanya da ƙato ɗan shekara 20. Hana yaro wasa ba ya yiwuwa, in ka hana shi a ƙofar gida zai tafi bayan gari inda idonka ba ya kaiwa. Gara a kawo wasan gaban jama'a a ɗaure shi da sharaɗi: wanda bai je makaranta ba a makon nan ba zai buga ba, kuma a tashi kafin kiran salla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda nake ganin za a yi. Na farko, lokaci. Su Amurkawa da bazararsu suke farawa domin lokacin ne sanyi ke sakinsu. Mu bazararmu ta watan Maris zuwa Mayu wuta ce, zafi kan haura awo 40, ga haɗarin sanƙarau, damina kuwa yara na gona. Saboda haka a buɗe rajista a watan Oktoba, a yi wasa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfani gida. Na biyu, wurin rajista ya zama makarantar firamare ta unguwa, hedimasta da mai unguwa suna zaune, domin su ne suka san ɗan wane da ɗan wane. A gayyato ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ya zauna tare da su, wanda ba shi da takarda a fara yi masa a nan take. Na uku, a raba yara aji uku: 'yan ƙasa da 10, da 13, da 16. Na huɗu, kada a karɓi ko kwabo daga hannun uba. 'Yan kasuwar Azare da ke sayen kofi don a kira sunansu a lasifika, su sayi ƙwallaye da riguna da akwatin magani. Na biyar, kowane yaro da aka rubuta sai ya buga. Almajiran da ke tsangayoyin garin nan su ma 'ya'ya ne, malaminsu ya tsaya musu a matsayin uba. 'Yan mata kuma a shirya musu guje-guje da ƙwallon hannu a cikin makarantunsu, ƙarƙashin malamai mata.

Ba mu rasa masu aikin ba. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana nan Azare cike da ɗalibai masu koyon aikin malanta, ga jami'a a Gadau, ga tsofaffin 'yan wasa da ke zaune a majalisa suna ba da labarin yadda Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998. Su taso su riƙe usur. Wanda ya yi fice a nan sai a tura shi gasar Ramat da ake yi a Kano, da takardarsa a hannu, ba mai tsoron a auna ƙashinsa.

Ina roƙon Majalisar Mai Martaba Sarkin Katagum da shugabannin ƙananan hukumomin ƙasar nan da sakatarorin ilimi su zauna kan wannan magana tun kafin kaka ta zo. Ku kuma iyaye, ranar da aka buɗe littafi, ku kama hannun 'ya'yanku ku je da kanku, ku faɗi shekarunsu kamar yadda Allah ya sani. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama lafiya. Haza wassalam.