Ƙarshen Labarun Ke Nan?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya haddace tsarin labarun rediyo, ko da kuwa bai taɓa leƙa ɗakin watsa shirye-shirye ba. A kaɗa take, mai karatu ya yi sallama, ya jero kanun labarai, sa'an nan ya shiga cikakkunsu: shugaban ƙasa a gaba, gwamna na biye da shi, sai kwamishina, sai labarun ƙetare, wasanni a can ƙarshe. A maimaita kanu, a ce mana ƙarshen labarun ke nan. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, aka kuma kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, kunnuwanmu suka saba da wannan jeri har muka ɗauka haka labari yake tun fil azal. To, mu dai muna da ja. Wannan tsari yana tauye haƙƙin ƙananan garuruwa, kuma shaidarmu ita ce Kasuwan Magani.

Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia. Kasuwarsa na ci ranar Alhamis, inda Adara da Hausawa da Fulani suke cuɗanya, wannan ya kawo hatsi, wancan ya kawo dabba. Amma a tambayi mai sauraro a Katsina ko Maraɗi abin da ya sani game da garin. Ba zai ambaci hatsi ba. Zai ce, "A'a, ba can ne aka yi kashe-kashe ba?" Ba laifinsa ba ne, domin a nan kaɗai rediyo ta taɓa gabatar masa da garin.

A watan Fabrairu na 2018 an yi tashin hankali a wurin, aka ƙone gidaje da shaguna. Ranar Alhamis 18 ga Oktoba na wannan shekara wuta ta sake tashi a cikin kasuwa, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun rasu. Mu duba yadda irin wannan labari yake fitowa daga akwatin rediyo. Jimla ta farko adadin gawa, domin ƙa'idar aikin ta ce a fara da mafi nauyi. Ta biyu, kakakin 'yan sanda ya tabbatar. Ta uku, gwamnati ta sa dokar hana fita ta kuma yi kira ga jama'a su zauna lafiya. Ta huɗu, ƙura ta lafa. Daƙiƙa arba'in ko hamsin, an wuce zuwa ga bikin buɗe wani taro a Abuja. Matar da aka ƙone wa rumfa ba ta da muƙami, saboda haka ba ta da jimla.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne laƙabin nan da ake mannawa: "rikicin addini" ko "rikicin ƙabilanci". Kalmomi biyu ne masu sauƙin shiga kanun labarai, amma suna rufe fiye da abin da suke buɗewa. Rahotanni sun nuna cewa faɗan Oktoba ya faro ne daga saɓani tsakanin masu turin baro a kasuwa. Yaya aka yi gardamar 'yan dako ta ci rai 55? Amsar tana cikin tsohuwar jayayya kan gonaki, da rumfuna, da sarauta, wadda ta taɓa fashewa a garin tun 1980. Irinta ce ta tashi a Zangon Kataf a 1992, lokacin da aka nemi sauya wa kasuwa mazauni. Wanda aka ce masa "addini" kawai, ba zai yi tunanin rumfa ba. Zai waiwaya ya dubi maƙwabcinsa. Kwana uku bayan abin da ya faru a Kasuwan Magani, ranar 21 ga Oktoba, jita-jita ta hargitsa birnin Kaduna har aka rufe shi da dokar hana fita ta sa'a 24. A tsakanin nan kuma aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, daga baya aka kashe shi.

Mun san abin da ma'aikatan rediyo za su ce, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Za su tuna mana da Maris na 1987, lokacin da rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka zargi rediyon Kaduna da nanata rahotannin da suka taimaka wutar ta kai Zariya da Funtuwa da Katsina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne, taka-tsantsan wajibi ne a ranar da jini yake zuba. Amma tsoron 1987 ya zama mafaka. An mayar da shi dalilin jingina kowane labari ga bakin hukuma, sa'an nan a yi gum. Shirun nan kuwa ba ya zama fanko: a 2018 Facebook da WhatsApp ne suka cike shi, da hotunan da ba mai iya cewa daga ina suka fito.

Ai ba labari da ɗumi-ɗuminsa ne kaɗai nau'in labari ba. A ajin koyon aikin jarida ana karantar da rahoton bibiya, da rahoto na musamman, da sharhi, da bincike. Ina suka shiga? Sharhin bayan labarai ya zama dandalin yabon mai mulki. Bibiya kuwa tana bukatar kuɗin mota da wakilin da zai kwana a ƙauye, alhali sanarwar gidan gwamnati tana zuwa har tebur a rubuce, sai fassara kawai. Shi ya sa aka sanar da mu an kama mutane, amma mai sauraro bai ji irin wannan ƙarar ba a kan wanda aka gurfanar, da wanda aka saka, da wanda ya koma rumfarsa da jarin bashi.

Mu da muke nazarin Hausa ma ba mu kuɓuta ba. Daga cikinmu ake ɗaukar masu fassara da masu karanta labarai. Mun ɓata shekaru muna gardama a kan ko "dokar hana fita" ta fi "dokar hana yawo" dacewa, ba mu taɓa tambaya ba me ya sa kalmar "ya ce" kullum take bin sunan mai kujera. Daga Kaduna zuwa Kasuwan Magani tafiyar safiya ce, kasuwar kuma tana ci kowace Alhamis. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana ɗaukar murya.