Allo na rawa, amma laifin ba na Windows ba ne

A unguwannin Nima da Maamobi na Accra kwamfutar tebur jari ce. Da ita ake buga katin biki da takardar haya, da ita ake duba sakamakon WAEC, ana cike fom ɗin fasfo, ana nemo makarantar da aka tura yaro bayan BECE. Mai shago yakan yi watanni yana tara kuɗi kafin ya sauka kasuwar Circle ya ɗauko ta. Sai a kunna ta a shago, allo ya fara ƙyafta ido, ko fari ya koma ruwan hoda, ko layuka su riƙa gilmawa, ko ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo. Shawarar da za a fara ba shi ɗaya ce, daga maƙwabci har yaron mai gyara: a yi mata fomat, wato a goge komai a sake zuba Windows. Ni a ganina wannan ce shawara mafi muni da za a fara da ita, domin tana cin kuɗi, tana cin lokaci, kuma tana wanke mai sayarwa daga alhakin da yake kansa.

Mu fara da ainihin abin da ake saya. Yawancin abin da muke kira sabuwar kwamfuta sabuwa ce a hannun mai ita kawai. Dell OptiPlex ne da HP da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka shigo ta tashar Tema. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin injuna da yawa, ba abin mamaki ba ne irinsu su ƙaru a kasuwa. Wannan ba aibi ba ne. Injunan ofis suna da ƙarko. Matsalar tana wurin haɗi. Akwatin daga wani kwantena ya fito, monita daga wani, kebul kuwa daga kwalin da ke ƙarƙashin tebur aka zaro shi. Sau da yawa kebul ɗin VGA ne, mai shuɗin kai da ƙananan fil 15, fasahar da IBM ta fito da ita tun 1987. A cikinsa ja da kore da shuɗi kowanne da hanyarsa. Fil ɗin kore ya lanƙwashe, allo ya koma ruwan hoda. Na shuɗi ya daina taɓawa, komai ya yi ɗorawa. Ko sau goma aka goge Windows aka sake zubawa, fil ɗin nan yana nan a lanƙwashe. Haka ƙaramin mahaɗin nan mai araha da ake sa wa tsakanin DisplayPort da VGA, shi ma yana cikin manyan waɗanda ake zargi.

Akwai gwajin da ba ya bukatar ko sisi, kuma shi ne yake raba gardama. A kashe injin, a kunna, a zuba wa allo ido a daƙiƙun farko da tambarin Dell ko HP yake fitowa. A lokacin nan Windows ba ta tashi ba tukuna. Idan layukan ko sauyin launin suna nan tun a wurin tambari, to ciwon a jiki yake: kebul, monita, katin hoto, ko RAM da ta girgiza daga mazauninta a bayan mota tsakanin Circle da gida. Daga nan sai a bi daga mai sauƙi zuwa mai tsada. A ɗaure ƙusoshin kebul, a aro wani, a jona injin da talabijin ta HDMI. In talabijin ta nuna lafiya lau, monita ko kebul ɗinta ne. Injin da yake da katin hoto na daban, a tabbata a ramin katin aka sa kebul, ba a ramin sama da ke kusa da na USB ba. Wannan ɗan kuskure kaɗai ya sa mutane da yawa sun ɗauka injinsu matacce ne.

Sai wuta. Wanda ya zauna a Accra a 2015, lokacin da ɗauke-ɗauken wutar da ake kira dumsor ya yi ƙamari, ba sai an yi masa bayani ba. Amma ba kullum kamfanin wuta na ECG ne da laifi ba. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko shagon da firij da injin hoto da fanka da kwamfuta suke shan wuta daga soket guda, duk lokacin da firij ya tashi ƙarfin wuta yakan faɗi na ɗan lokaci, monita ta ƙyafta. Wanda ya lura cewa ƙyaftawar tana zuwa tare da kukan firij ya riga ya gano ciwonsa. Za a ce UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, tana da tsada ga mai ƙaramin jari, kuma gaskiya ne. Amma raba soket ba ya cin komai, kuma kuɗin fomat biyu ko uku da ba su magance komai ba da sun biya wani abu daga kuɗin UPS ɗin.

Masu gyara za su ce ai fomat tana aiki wani lokaci. Tana yi, ban musa ba. Idan allo yana lafiya a wurin tambari, sai Windows ta tashi ya fara rawa, ko rubutu ya yi faɗi kamar an ja shi, to manhajar da ke tuƙa katin hoto ce ta samu matsala, ko an saita girman hoto ba daidai da monita ba. Amma maganin wannan bai kai ga goge komai ba. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda yana sake tayar da manhajar. In bai yi ba, a cire ta a sauko da ta asali daga shafin Intel ko AMD ko Nvidia, a mayar da allo kan girmansa na ainihi, wanda a monitoci da yawa 1920 da 1080 ne. Mai yin fomat saboda wannan kamar mai rushe ɗaki ne don taga ta ƙi rufuwa. Mai gyara da ya iya gano ciwo cikin minti goma ya cancanci a biya shi ladan ganowar, kuma laifinmu ne da ba ma son biyan aiki sai mun ga an ɗauki awa uku ana yinsa.

Babbar asarar ita ce kuɓutar mai sayarwa. Dokar cinikin kaya ta Ghana, ta shekarar 1962, ta ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana wa mai saye ba. Amma da zarar wani ya buɗe injin ko ya goge shi, mai sayarwa ya samu mafita: yaronka ne ya lalata, ko wutar gidanku ce. Shi ma yana da tasa hujjar, domin bai san me ya faru da injin bayan ya bar shagonsa ba, kuma shi kansa a rufe ya sayi kwantenar. Shi ya sa gwajin ya kamata ya kasance a gabansa, da monitar da kebul ɗin da za a tafi da su, ba waɗanda ke kan teburinsa na gwaji ba. A buɗe farin shafi ya cika allo, a kunna bidiyo na minti ashirin har injin ya ɗauki zafi, a motsa kebul a ga ko launi zai sauya. Rasit kuma ya ɗauki lambar akwati da ta monita, da adadin kwanakin da za a iya dawowa da su. Mai shagon da ya ƙi rubuta kwana bakwai a takarda, akwai wasu shaguna a gaba da shi a Tip Toe Lane da ke Circle.