Ra'ayi: Wa ke tsaron filayen intanet na Nijar?

Duk wanda ya gudu daga Bosso ko Yebi a 2016 ya san fargabar barin gona babu mai dubawa. Takarda tana hannunka, amma ba ka san wanda ke noma wurin ba. Intanet ma tana da irin waɗannan filaye, kuma ɓarayi sun daɗe da gano su.

Kowane kamfanin sadarwa yana da rukunin lambobi da ake kira adireshin IP, da wata lambar shaida da yake sanar wa duniya da ita cewa a biyo ta wurinsa in ana neman waɗannan adireshi. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishus ce ke raba su. Tsarin sanarwar, wato BGP, an gina shi ne a kan yarda: ka faɗa, maƙwabta su gaskata.

A ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren sanarwa, sai wani ɓangare na zirga-zirgar Google ya karkata ta Rasha da Sin na sama da awa ɗaya. Wannan kuskure ne, kuma an gano shi da wuri domin mai kayan yana farke. To, ina ga kayan da mai shi ya rufe ofis shekaru goma da suka wuce?

A 2019 aka bankaɗo yadda aka sauya bayanan rajista a AFRINIC, kuma binciken hukumar da kanta ya nuna an wawure adireshi sama da miliyan 4. Da yawa daga ciki na tsofaffin kamfanoni da hukumomin Afirka ta Kudu ne da suka daina amfani da su. Adireshin IPv4 sun yi ƙaranci a duniya, shi ya sa suka zama haja mai tsada. Masu aika saƙonnin damfara kuwa suna son su ne domin ba su da baƙin tarihi.

Me ya haɗa wannan da mai sayar da tattasai a kasuwar Diffa? Kuɗin da ɗan'uwansa ke turo masa daga Libiya ko Faransa, da cinikin da yake ƙullawa ta WhatsApp, duk a kan waɗannan hanyoyi suke tafiya. Idan aka yi ta'asa da adireshin da ke ɗauke da sunan Nijar, mu za a sa a jerin waɗanda ba a yarda da su ba. Kura ta ci, a ce kare ne.

A ganina, hukumar ARCEP ce ya kamata ta fara. Ta ƙirga duk lambobin da aka yi wa rajista da sunan Nijar, ta wallafa waɗanda ke aiki da waɗanda ke kwance, ta nemo masu su. Sannan ta wajabta wa Niger Télécoms, Airtel, Moov da Zamani sa wa dukkan adireshinsu hatimin RPKI, wanda ke tabbatar da mai ikon sanar da kowanne.

Wasu za su ce yankin da ke fama da rashin tsaro da yankewar rezo yana da abin da ya fi wannan gaggawa. Haka ne. Sai dai rajistar a buɗe take ga kowa, kuma ma'aikata kaɗan da kwamfuta sun isa su bi ta layi-layi. Ɗaliban Jami'ar Diffa ma za su iya fara wannan ƙirga tun yau, mu kuma 'yan jarida mu riƙa tambayar ARCEP inda aka kwana.